Neman shawara: Yaya za mu zaɓi gwarazan littattafai, waƙoƙi da fina-finan bana ba tare da rigima ba?

Ummu Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da zauren karatu a WhatsApp, mun kai mu 120, yawancinmu mata, kuma akwai marubuta a cikinmu. Muna so kafin Disamba ta ƙare mu fitar da littattafai da waƙoƙi da fina-finan Hausa da suka fi burge mu a bana. Tsorona kada kowacce ta zaɓi ƙawarta, a tashi baram-baram. Don Allah ta ina za mu fara, kuma yaya ake ƙirga ƙuri'a?

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a ambaci sunan littafi ko ɗaya, ku rubuta ƙa'ida ku kafe ta a saman zaure. Abu na farko shi ne me ake nufi da "na bana", don a nan rigima take fara tsira. Littattafan intanet shafi-shafi suke fita, wani a fara shi bara a gama bana, wani kuma marubuciyar ta tsaya a tsakiya. Ku ɗauki ranar da aka kammala shi. Wanda bai ƙare ba, ba ya shiga, komai daɗinsa, domin ba a yanke wa labari hukunci ba a ga yadda aka warware ƙullinsa ba. Fim mai dogon zango ku auna zangon da aka haska a bana kaɗai. Waƙa kuma ranar da ta fara fita, ba ranar da aka yi mata bidiyo ba.

Ku rufe shekara ranar 30 ga Nuwamba, abin da ya fito a Disamba ya tafi baɗi. Sannan kafin karɓar sunaye ku raba shekarar gida huɗu, wata uku-uku, ku tuna wa juna abin da ya fito a kowane kashi. In ba haka ba abin da ya fito jiya-jiya ne zai cinye, a manta da na farkon shekara da na lokacin Sallah.

Baban Iman: Ni kan ƙuri'a zan yi magana. Kada ku yi zaɓen ƙarshe da akwatin ƙuri'a na WhatsApp. Ba ya ɗaukar fiye da abu 12, in ba a kashe damar zaɓen abu da yawa ba mutum zai iya danna duka, babban aibinsa kuma kowa yana ganin abin da kowa ya zaɓa. Marubuciya tana cikin zaure, wa zai iya tsallake ta a gaban idonta? Kara za a yi, ba zaɓe ba. Haka kuma wanda ya zo a makare yana ganin inda aka fi yawa sai ya bi ayari.

Ku yi amfani da Google Forms, wato fom ɗin Google da ake cikewa a intanet, ku kunna wurin da ke taƙaita amsa ɗaya ga kowane mutum. Wannan yana buƙatar shiga da adireshin Google, mai adireshi biyu kuma zai iya jefawa sau biyu. Maganinsa, ku ba kowace mamba lambarta ta sirri, daga 1 zuwa 120, ta rubuta a fom ɗin. Lambar da ta fito sau biyu a soke ta biyun, wadda ba ta cikin rajista a jefar.

Ƙirga kuma kada ya zama mutum ɗaya abu ɗaya. Kowa ya jera uku: na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1. Ga dalili. A ce mutum 15 sun sa littafin ƙawarsu a na farko, ba wanda ya ƙara ambatonsa, maki 45 ke nan. Wani kuma mutum 10 sun sa shi na farko, 20 na biyu, ya tashi da 70. Na biyun ne zaure ya fi yarda da shi, amma da ƙirgen ƙuri'a ɗaya-ɗaya na farkon zai lashe. Kwana uku sun isa a yi zaɓen, in an ja lokaci kamfen ne zai shigo.

Mai Turi: Aunty, a kan waƙa kada ku jingina da alƙaluman manhaja. Spotify, manhajar sauraron waƙa, sai a 2021 ta shigo Najeriya, kuma taƙaitawar da take ba mutum a ƙarshen shekara abin da ya saurara a cikinta kawai take ƙirgawa. Mutanenmu da yawa a shagon turi suke karɓar waƙa, ko a tura musu ta Xender, wannan ba ya shiga lissafin kowa. Haka yawan kallo a YouTube, waƙar Janairu ta yi wata goma sha ɗaya tana tarawa, ta Nuwamba makonni kaɗan. Kuma ku raba aji: ta soyayya daban, bege da yabo daban, ta gambara daban. Ta siyasa ku bar ta gaba ɗaya in kuna son zaman lafiya.

Hajiya Mai Nazari: Baban Iman, tsarinka ya yi, amma farin jini kawai yake aunawa. Shawarata a yi kambu biyu: zaɓin zaure da zaɓin alƙalai. A littafi musamman, alƙalai uku daga wajen zaure su karanta biyar ɗin da suka fi maki, su auna bisa 100: jigo da warwararsa 25, zubi da tsari 25, salo da sarrafa harshe 25, fito da halayen taurari 15, ƙa'idojin rubutu 10. Wannan goman kada a raina ta. Littafin da bai bambanta ƙ da k, ko ɗ da d ba, yake haɗe kalmomin da ya kamata a raba, yake cusa Turanci inda Hausa ke da kalma, bai kamata ya zama abin koyi ba. Kowane alƙali ya miƙa makinsa shi kaɗai kafin su tattauna. A fim kuma su sa kunne ga sauti, su duba ko kaya da wuri suna sauyawa a tsakiyar fitowa guda, su kuma lura da zangon da aka ja shi don kawai a cika makonni.

Ummu Sadiƙ: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: marubutan da ke cikinmu fa, su yi zaɓe?

Malamin Adabi: Su yi, Hajiya, amma ban da ajin da aikinsu yake ciki. Wadda littafinta ya shiga ta zaɓi waƙa da fim, kuma kada ta kasance cikin masu ƙirga. Masu ƙirga su zama biyu, kowacce ta haɗa jimilla ita kaɗai sannan su gwada. Ranar sanarwa ku fitar da makin uku na sama kawai. Na ƙasa a tura wa mai shi a keɓe in ta nema, tare da bayanin alƙalai a kan inda za ta gyara.