Neman shawara: za a yi wa Baba tiyatar jijiyar wuya, gida ya rabu biyu

'Yar Autar Baba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah duk wanda ya san wani abu a kan tiyatar jijiyar wuya ya taimaka mini, yau kwana uku rabona da barcin kirki.

Mahaifina shekararsa 69, ya daɗe yana fama da hawan jini. Ranar Larabar da ta wuce muna zaune yana ba ni labari, kofi a hannunsa na dama, sai kawai kofin ya suɓuce. Ina ɗaga kai na ga bakinsa ya karkace, yana so ya kira sunana harshe ya ƙi. Ya sa hannun hagu ya ɗaga na daman, yana saki ya faɗo kamar tsumma. Kafin mu kai asibiti, abin da bai fi minti 20 ba, komai ya dawo daidai, har yana cewa mu juya gida.

An yi hoton ƙwaƙwalwa ba a ga ɓarna ba. Amma da aka yi sikanin wuyansa sai aka ga babbar jijiyar hagu mai kai jini ƙwaƙwalwa ta tsuke da kusan kashi 80 cikin 100, kitse ya taru ya ƙanƙance hanyar. Likita ya ce abin da ya faru gargaɗi ne, shanyewar ɓarin jiki ta gaske tana iya biyo baya, don haka yana so a buɗe jijiyar a kankare kitsen kafin sati biyu su cika.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya ce dole a matse jijiyar a tsayar da jini na ɗan lokaci ana cikin aikin. Na ce to ƙwaƙwalwar fa? Ya ce za su sa na'urar da ke nuna yadda jini ke gudu a cikin kai, ko kuma a kashe wuyan kawai a bar Baba idonsa biyu. Ya yi bayani sosai, ni ce kaina ya ɗau zafi ban riƙe rabinsa ba.

Babban yayanmu ya ce atafau, mutum yana tafiya da ƙafarsa yana magana ras, ba za a yanka masa wuya ba, a ci gaba da magani. Mama sai kuka. Baba kuma ya ce duk abin da muka yanke. Ni so nake in sani, wannan na'urar tana hana shanyewar ne da gaske? Wanne ya fi, a sa shi barci ko a bar shi a farke? Kuma in mun jira wata biyu mu gani, akwai laifi?

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ban san komai a kai ba, amma ina nan ina bibiya, mijina ma hawan jinin ne da shi.

Nas ɗin Ɗakin Tiyata:

Sannu ƙanwata. Na sha tsayawa a irin wannan aikin, bari in faɗa miki abin da ido ke gani.

Ƙwaƙwalwa ba jijiya ɗaya ce ke ciyar da ita ba, huɗu ne: biyu ta gaban wuya, biyu ta baya. A ƙasan ƙwaƙwalwa suna haɗuwa su yi kamar zobe, don haka in an matse ɗaya, sauran sukan turo jini ta zoben su cike gurbin. Matsalar ita ce ba kowa ne zobensa yake cikakke ba, kuma ba a tabbatarwa sai an matse an gani. Amfanin sa idon ke nan. In aka ga jinin ya gaza, sai likita ya zura wani siririn bututun roba ya tsallake wurin da ake aikin, jini ya ci gaba da wucewa ta ciki.

Hanyoyin dubawar suna da yawa. Akwai Dopla, wadda ake ɗorawa a gefen kai, tsakanin ido da kunne inda ƙashi ba shi da kauri, tana auna saurin jini a babbar jijiyar cikin kai. Za ki ji ƙararta fuu, fuu, daidai da bugun zuciya, in ɗan ɓarɓashi ya wuce kuma sai ta yi wani ɗan tsit kamar kukan tsuntsu, duk ɗakin a ɗaga kai. Akwai wadda ake mannawa a goshi tana auna iskar oksijin a gaban ƙwaƙwalwa. Akwai wayoyin da ke ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa. Wasu likitocin kuma ƙarfin jinin da ke dawowa ta bayan matsewar suke aunawa.

Na farken shi ya fi burge ni. Tunda jijiyar hagu ce, za a sa wa Baba wata 'yar roba mai ƙara a hannun dama. Ana matse jijiyar sai mai ba da maganin barci ya ce, "Baba, matsa mana. Ƙirga daga ɗaya zuwa goma." Muddin robar tana ƙara, magana tana fita daidai, jini yana isa. Na taɓa ganin wani dattijo yana cikin ƙirga ya tsaya a shida, robar ta yi shiru. Nan take aka sa bututun, bai ɗau lokaci ba ya ci gaba da magana. Mafi yawan mutane ba sa ma buƙatar bututun.

Amma ki riƙe wannan: na'urar ido ce, ba garkuwa ba ce. Tana faɗa wa likita abin da ke faruwa ne don ya yi wani abu da wuri.

'Yar Autar Baba:

Anti na gode, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane zancen bututun. Amma Baba mutum ne mai tsoron allura ma, anya zai iya kwanciya yana ji ana aiki a wuyansa?

Mai Nazarin Jijiyoyi:

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Tambayarki ta jiran wata biyu ita ce ta fi ɗaga mini hankali, don haka da ita zan fara. Jiran wata biyun nan akwai laifi a cikinsa, babba ma.

Maganar yayanku tana da ma'ana ga duk mai kallo da ido, domin Baba ya warke. Amma kitsen da ya jefo ɓarɓashin da ya toshe masa jini na minti 20 yana nan inda yake, kuma a kwanakin farkon nan ne ya fi saurin sake jefowa. Tiyatar ba don gyara abin da ya wuce ake yin ta ba, don tare na gaba ne.

An gwada wannan a kan mutane, ba hasashe ba ne. A 1991 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna NASCET da aka yi a asibitocin Amurka da Kanada. An ɗauki mutum 659 masu irin matsalar Baba, wato sun ga alama kuma jijiyarsu ta tsuke kashi 70 zuwa 99. Aka raba su da ƙuri'a, wasu magani kaɗai, wasu magani da tiyata. Cikin shekara biyu, kashi 26 na masu magani kaɗai sun samu shanyewa daga wannan ɓangaren, na masu tiyata kuwa kashi 9. Tazarar ta yi yawan da aka dakatar da wannan sashe na binciken tun kafin lokacinsa, don bai dace a ci gaba da hana wasu aikin ba. Wani binciken da aka yi a Turai a daidai lokacin shi ma hanya ɗaya ya nuna.

Sai zancen lokaci. A 2004 Peter Rothwell na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka haɗa bayanan binciken biyu, kusan mutum 5,900. Suka ga cewa a cikin waɗanda aka shigar binciken kafin sati biyu da ganin alama, mutum 5 za a yi wa tiyata a tare shanyewa ɗaya cikin shekara biyar. Waɗanda suka haura sati 12 kuwa, sai an yi wa 125. Daga nan maganar sati biyun da likitanku ya yi ta samo asali. Wanda ya jira wata uku, ya riga ya ratsa lokacin hatsarin ba kariya, sannan ya zo ya ɗauki hatsarin wuƙa.

Barci ko farke kuma an gwada. Binciken GALA, 2008, mutum 3,526 a ƙasashe 24. Waɗanda suka samu shanyewa ko bugun zuciya ko suka rasu cikin kwana 30: kashi 4.8 a masu barci, 4.5 a na farke. Wannan ba bambancin da za a kafa hujja da shi ba ne. Tunda kin ce Baba mai tsoro ne, ku faɗa wa likitan haka ƙarara. Mutumin da zai riƙa motsi ana aiki a jijiyarsa gara a sa shi barci a dogara da na'ura.

Game da na'urorin, zan faɗa miki gaskiya ko da ba ita kike son ji ba. Dopla ta cikin kai tun 1982 Rune Aaslid ya fito da ita, an daɗe ana aiki da ita, amma har yau binciken da aka tattara bai nuna cewa wata hanyar sa ido ta fi wata rage shanyewa ba. Hasali ma akwai ƙwararrun da ke sa wa kowa bututun tun farko, akwai masu sawa sai na'ura ta nuna, kuma ba a tabbatar wani ɓangare ya fi wani ba. Dalili ɗaya shi ne yawancin shanyewar da ke faruwa a wannan aikin ba daga ƙarancin jini lokacin matsewa take zuwa ba, daga ɓarɓashi ne ko gudan jinin da ya daskare a wurin ɗinki. Wannan kuwa hannun likita ne maganinsa. Ita Doplar ma wajen mutum ɗaya cikin goma ƙashin kansa ya yi kaurin da ba ta iya ji, an fi samun haka a tsofaffin mata.

Saboda haka da ni ne, ba sunan na'ura zan tsaya tambaya ba. Zan tambayi likitan sau nawa yake yin wannan aikin a shekara, kuma cikin waɗanda ya yi wa, nawa suka samu shanyewa ko suka rasu cikin wata guda. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce ga mai alama irin Baba, kada adadin ya kai kashi 6 cikin 100. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

Kawun Yara:

Malam, ka yi bayani mai kyau, amma ina da ja a wuri ɗaya. Binciken 1991 ai ya tsufa. A lokacin asfirin ne kusan duk maganin, magungunan rage kitsen da ake ba kowa yanzu ba su yaɗu ba. Anya kashi 26 ɗin nan yana nan a yau? Kuma me ya sa ba wanda ya ambaci 'yar ragar ƙarfen da ake zurawa ta cinya a buɗe jijiyar ba tare da yanka wuya ba? 'Yata, ki tambaya a kan wannan ma, kila yayanku ya fi yarda da shi.

Mai Nazarin Jijiyoyi:

Kawu, gaskiyarka, maganin yau ya fi na wancan lokacin, kuma da a ce Baba bai taɓa ganin wata alama ba, an dai gano tsukewar ne a wajen bincike, da ni ma na ce a zauna a yi dogon tunani, don a nan ne masana ke ta muhawara. Amma mai kashi 80 wanda hannunsa ya riga ya mutu sau ɗaya, har yanzu shawarar ƙungiyoyin likitoci ita ce a haɗa biyun, magani da aiki.

Ragar kuma an kwatanta ta da tiyata a binciken CREST, 2010, mutum 2,502. A kwanakin aikin, shanyewa ta fi yawa a masu raga, kashi 4.1 a kan 2.3, bugun zuciya kuma ya fi yawa a masu tiyata, 2.3 a kan 1.1. Masu shekara 70 zuwa sama sun fi dacewa da tiyata, don jijiyoyin tsufa sun karkace sun yi tauri, wayar da ake zurawa tana iya kankaro ɓarɓashi a hanya. Baba yana bakin wannan iyakar. In zuciyarsa tana da matsala, lissafin zai iya sauyawa, likitocinsa ne suka ga takardunsa.

Maman Ɗalibai:

Ƙanwata, ni mahaifiyata aka yi wa, shekara uku ke nan, tana nan lafiya. Abin da ba a ja mana kunne a kansa sosai ba shi ne bayan aikin. Kwana biyar da sallama ta fara wani ciwon kai a ɓangaren da aka yi aikin, tana dafe ido tana cewa kamar ana buga mata guduma. Muka ɗauka gajiya ce. Da na auna jininta ya haura 190, muka koma a guje. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ta saba da ɗan jini shekara da shekaru, ƙananan jijiyoyinta sun saki jiki sun buɗe, yanzu an buɗe babbar hanya jini ya zo da ƙarfi ba su iya riƙe shi ba. In aka bari yana iya kawo farfaɗiya ko zubar jini a kai. Aka kwantar da ita aka sauko da jinin, ciwon ya tafi. Ba kowa yake samu ba, kaɗan ne, amma mai hawan jini ya fi kusa da shi. Ku tanadi abin awo, safe da yamma, ku rubuta a takarda. Muryarta ma ta dishe kusan wata biyu kafin ta dawo, an ce wata jijiyar murya ce aka ɗan taɓa.

Shi kuma yayanku kada ku yi masa taron dangi, tsoro ne irin naki. Ki tafi da shi wurin likitan ya ji da kunnensa. Kuma a zaunar da Baba a faɗa masa komai, wuyansa ne, ya kamata a ji ta bakinsa.

Nas ɗin Ɗakin Tiyata:

Ƙari ɗaya, ƙanwata. Kafin ranar aikin kada ya tsallake maganin da aka ba shi ko sau ɗaya, kada kuma ku dakatar da asfirin da kanku don jin za a yi tiyata, sai in likitan ne ya ce. In baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko ido ɗaya ya rufe kamar an sauke labule, ko da na minti ɗaya ne, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

'Yar Autar Baba:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Yaya duka a waya, ya yi shiru, sannan ya ce in sake karanta masa wurin mutum 5 da 125. Ya yarda gobe da safe mu tafi tare, da Baba. Na rubuta tambayoyin a takarda: sau nawa yake yin aikin, nawa suka samu matsala, wace hanya zai bi ya duba jinin, kuma wa za mu kira in ciwon kai ya taso bayan sallama. Yau kwana shida ke nan da faɗuwar kofin. Ku sa mu a addu'a.