In tururuwa ta tashi lalacewa, fiffike take yi

Na Gangare: Jama'a, ruwan farko ya sauka a Jos, masu fiffike sun cika gindin fitilu. Shin maganar nan gaskiya ce a kan ƙwaron kansa? Kuma me ya sa ba a faɗin ta a kan wutar 'Yola, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, alhali ita ma da fiffikenta?

Malamin Naraguta: Ɗan'uwa, fara rarrabewa. Da yawa daga waɗanda ke gindin fitila shinge ne, dangin gara. Ita tururuwa ma'aikatanta duk mata ne, har su mutu ba sa fiffike. Masu tashi maza ne da matan da za su zama sarauniya, barbara ce ta fito da su bayan ruwa. Namijin kwana kaɗan yake yi ya mutu. Macen da kanta take karya fiffikenta, ta haƙa rami ta kafa gida. Maganar ta kama namijin, ta saki macen.

Hajiyar Bukur: Malam, ka duba kwarkwasa ta kurmi, nan maganar ta fi zama. Ma'aikatanta makafi ne, wari suke bi, gida ɗaya miliyoyi. Sarauniyarsu ba ta yin fiffike ko kaɗan. Namijin ne ƙato mai tashi, in ya faɗa cikin jerinsu sai su tsige masa fiffike su kai shi wurinta, daga nan sai mutuwa. Masu kaji, ku zagaye akurki da busasshiyar toka, ku sabunta in ruwa ya jiƙa ta, don kazar da ke rufe ba ta da hanyar gudu.

Malamin Naraguta: Haka ne, Hajiya. Wutar 'Yola kuwa fitilarta aiki ce. Wani sinadari ne a ƙarshen cikinta ke haɗuwa da iska ya ba da haske marar zafi, da shi namiji da mace ke kiran juna. Tsutsarta watanni take yi a ƙasa mai laima tana cin katantanwa. Hasken fitilun dare da maganin feshi suna cikin abubuwan da ke rage su.

Baba na Dilimi: Yara, ku kula da wurin faɗin karin maganar nan. Wanda ya samu ɗan abin hannu ya fara raina na gaba da shi ake yi wa ita. Wanda Allah ya ɗaga yana gaida mutane, in ka faɗa masa, hassada ka yi.

Hajiyar Bukur: Baba, a wurinmu har yaron da ya daina jin faɗa ana yi masa, ko ba shi da sisi.