Neman kalma: me za mu kira sufa-daliget a rahoton zaɓen fidda gwani na Amurka?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Rahoto ne kan yadda doguwar fafatawar Obama da Hillary Clinton a 2008 ta taɓa haɗin kan jam'iyyar Dimokurat, zai shiga labaran ƙarfe shida. Daliget na jihohi ba matsala, sufa-daliget ne suka cije. "Manyan wakilai" ya yi?

Tsohon edita: Wa alaikumus salam. Bai yi ba, Malama. Kowannensu ƙuri'a ɗaya gare shi kamar sauran. Abin da ya raba su shi ne ba a ɗaure su da sakamakon jiharsu ba. Gwamnoni ne, da 'yan majalisa, da 'yan kwamitin jam'iyya na ƙasa, wajen 800 a waccan shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar na babban taron jam'iyya da ke tsayar da ɗan takara. Ki ce "sakakkun wakilai".

Mai gabatar da shiri: Sakakkun? Yallaɓai, mai sauraro zai tambayi wa ya sake su, kuma saki nawa.

Malamin nahawu: Muna da abinmu: "masu zaɓen sarki". Kuma don Allah a daina cewa daliget. Harshen da ke da "wakili" bai kamata ya riƙa bara ba.

Tsohon edita: Malam, wakilin ma daga Larabci muka aro shi, haka jam'iyya da ƙuri'a. Sannan masu zaɓen sarki su ke yanke hukunci. Waɗannan kuwa tun da aka fara amfani da su a 1984 ba su taɓa ƙwace tikiti daga wanda ke gaba a wakilan jihohi ba.

Malamin nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Daliget ko takalmi bai cire ba.

Mai sharhi: Ku bari mu duba aikin da kalmar za ta yi. Dimokurat na raba wakilai ne gwargwadon ƙuri'a, duk wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari yana da rabo, don haka na biyu ba ya faɗuwa da wuri. Shi ya sa aka tashi daga Iowa ranar 3 ga Janairu har 3 ga Yuni, ba wanda ya kai adadin 2,118 da ake buƙata da wakilan jihohi kaɗai. Sai da sufa-daliget suka cika wa Obama. Nan ɓarakar take: magoya bayan kowane ɓangare suna zargin manya za su yi musu fashin zaɓe. Clinton ta janye ranar 7 ga Yuni, suka yi gangami tare a garin Unity na New Hampshire, inda kowannensu ya samu ƙuri'a 107 a zaɓen fidda gwani, a babban taron jam'iyya na Denver kuma ita ta nemi a dakatar da ƙirga a ba Obama. Ba kullum ake ɗinkewa haka ba. A 1980 Ted Kennedy, da ke neman tikiti da Shugaba Jimmy Carter, ya kai rigima har zauren taro a New York yana neman a kwance wa wakilai ɗauri, bai samu ba, Carter kuma ya sha kaye a hannun Reagan. Ƙorafin mutanen Bernie Sanders, wanda ya kara da Clinton a 2016, shi ya sa a 2018 aka hana sufa-daliget ƙuri'a a zagayen farko idan ba a riga an san mai nasara ba. Kalmar dole ta nuna muƙami ne ya kawo su, zaɓi kuma nasu ne.

Mai gabatar da shiri: To "wakilan alfarma". Gajere ne, baki ba ya sarƙewa.

Tsohon edita: Yana da ɗan ƙanshin zargi, kamar an yi musu alfarma ne. Amma ya fi nawa.

Mai fassara: Lokaci ya ƙure. Farko zan ce "wakilan alfarma, wato jiga-jigan jam'iyya da ke da 'yancin zaɓar wanda suka ga dama", daga nan gajeren kawai. Na gode, Allah ya saka.

Malamin nahawu: Alfarmar ma ba ta kwanta min ba. Tunda dai babu daliget a ciki, a je a haka na yau.