Abin da masu kula da sabar DNS suka fi nanatawa

Da aka zauna kan matsalolin sabar suna, wato DNS mai fassara sunan intanet zuwa adireshin kwamfuta, maganar da ta fi cin lokaci ita ce lambar siriyal da ke cikin rikodin SOA, wato bayanin da ke farkon fayil ɗin yanki. Mutum zai gyara fayil ɗin yanki, inda ake rubuta sunaye da adireshinsu, ya sake loda BIND, manhajar da ke tafiyar da sabar, amma sabar ta biyu mai kwafa daga ta farko tana nan da tsohon bayani, don bai ƙara lambar da take dubawa kafin ta kwafa ba. Yawanci sun fi son tsarin shekara, wata, rana da lamba biyu a ƙarshe, kamar 2024031501, domin da kallo ɗaya za ka san ranar gyara.

Sai ɗigon ƙarshen suna. Ka rubuta mail.example.com babu ɗigo, BIND zai liƙa masa sunan yankin, ya koma mail.example.com.example.com. named-checkzone, umarnin duba fayil ɗin yanki, ba lallai ya kama wannan ba, don a ƙa'ida rubutun daidai yake; dig, umarnin tambayar sabar kai tsaye, shi ne zai tona asirin.

Kan ƙaura zuwa sabon adireshi, shawarar ita ce a sauke TTL, wato wa'adin da sauran sabar ke riƙe amsa kafin su sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300 tun da wuri, a jira tsohon wa'adin ya ƙare tukuna. Wanda ya sauke a ranar ƙaurar ya makara.

An ɗan yi saɓani kan haɗa sabar da ke riƙe da yanki da mai nemo wa kwamfutoci amsa. Ni dai ina tare da masu cewa a raba su, don mai amsa wa kowa ana amfani da ita wajen kai hari. Kwafar yanki zuwa sabar ta biyu kuwa a tsare ta da mabuɗin TSIG, wato mabuɗin sirri tsakanin sabar biyu, kuma a buɗe tashar 53, wadda DNS ke amfani da ita, ta hanyoyin aika saƙo na TCP da UDP duka.