Ridley Scott ya yi wa Musulmi adalci ko kasuwa ce kawai?

Malam Habu: Jiya na sake kallon Kingdom of Heaven na 2005, kuma ina nan kan bakana: kaf daraktocin Turawa babu wanda ya yi wa Musulmi adalci kamar Ridley Scott. Ku dubi yadda ya fito da Salahuddin, mutum mai cika alkawari, ya ba Kiristoci aminci ranar da aka miƙa masa Ƙudus a 1187. Har gicciye ya tarar yashe a ƙasa, ya ɗaga ya ajiye shi a kan tebur. Kuma Balarabe ya ɗauko ya hau matsayin, Ghassan Massoud ɗan Siriya.

Zainabu: Malam, a gafarce ni, kun manta da Black Hawk Down na 2001? Shi dai wannan Scott ɗin ne ya yi shi. Labarin faɗan Mogadishu ne na 1993, inda sojan Amurka 18 suka mutu, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa. Kowane sojan Amurka da sunansa da hoton iyalinsa, Somaliyawa kuma sai ihu da gudu, ana kakkaɓe su kamar fara. A Maroko ma aka ɗauki fim ɗin.

Malam Habu: Wannan kam ban musa ba, ƙanwata. Amma labarin daga bakin sojojin aka ɗauko shi.

Zainabu: To wa ya zaɓi bakin?

Ɗanlami: Ku dai kuna ta wahalar da kanku. Mutumin nan ɗan kasuwa ne tun fil azal. A BBC ya fara, yana tsara dandalin wasa, daga nan ya buɗe kamfanin talla a 1968 shi da ƙaninsa Tony. Sai da ya kusa shekara arba'in kafin fim ɗinsa na farko ya fito a 1977. Tallan kwamfutar Apple na 1984 ma aikinsa ne. A talabijin kuma kamfaninsa Scott Free ne ya shirya The Good Wife, shekara bakwai ana nunawa a CBS. A Black Hawk Down kuwa, sojan Amurka suka ara masa jirage masu saukar ungulu, kuna tsammani zai ci musu fuska?

Malam Habu: In kuɗi ne kaɗai, wane mai hankali zai yabi Salahuddin shekara huɗu bayan harin 11 ga Satumba? Fim ɗin ko dala miliyan 50 bai haɗa ba a Amurka. Kamfanin Fox ma ya datse masa kusan minti 45, sai daga baya cikakken ya fito.

Zainabu: Sai ga Exodus a 2014. Ya ɗauko Christian Bale ya ce shi ne Annabi Musa (AS), Fir'auna ma Bature, har Masar ta haramta nuna shi. Da aka yi masa ca, cewa ya yi in ya sa wani Muhammadu da ba a sani ba a gaba, babu mai zuba kuɗinsa. Da bakinsa fa ya faɗa.

Ɗanlami: Ka ji ko, Malam? Ni ma abin da na ce ke nan.

Malam Habu: Wannan maganar tasa ta yi muni, na yarda. Zan rage kuɗin: fim ɗaya ya yi adalci, ba darakta ba. Amma Zainabu ki nemi cikakken Kingdom of Heaven, mai awa uku da ɗoriya, ki kalla tukuna.

Zainabu: In NEPA ta bar ni, Malam.