Wa zai riƙa duba min motar lantarki a Kano ko Abuja?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Tesla Model S ɗin da na yi oda daga Amurka ta iso, ƙirar 2019. Tunda kamfanin ba shi da gareji a Najeriya, wa zan riƙa kai wa ya duba min ita? Kuma me ya kamata in tanada a gida tun yanzu?

Ɗan Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri Alhaji, ya tsare hanya.

Abu Ammar: Alhaji bari in ba ka labarin abin da ya same ni bara. Tawa ba irin taka ba ce, amma ciwon ɗaya ne. Na tafi Umra na bar ta ajiye sati uku, na dawo ko ƙofa ta ƙi buɗuwa. Hankalina ya tashi, na ɗauka babban batir ya mutu. Ashe ƙaramin ne, mai bolt 12, irin na kowace mota. Shi ke tada kwamfuta da makullai, in ya mutu ko babban cike yake fal motar ba za ta motsa ba. Wani mai rewaya ya jona mata wuta ta buɗe, ya ce a kai ta garejinsa. Aka kira janwe, yaron ya ɗaure ta ya ja, tayoyi huɗu a ƙasa. Ita kuwa ba a jan ta haka, in taya na juyawa injin nata wuta yake haifarwa, ya ƙona na'urar da ke sarrafa shi. Wata huɗu ina jiran kaya daga Sharja. Da suka iso kuma sai an haɗa su da kwamfutar motar, na biya wa wani yaro kuɗin jirgi daga Legas. Duk a kan batirin da kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Don Allah ka nemi lambar masu babbar motar da ake ɗora mota a bayanta, ka ba direbanka.

Injiniya: Wannan gaskiya ne. Kuma duk wayar da ka gani ruwan lemo, kar kowa ya taɓa. Kusan bolt 400 ne a ciki, kisa take.

Maman Iman: Innalillahi. To mu da yara ke wasa a gareji fa?

Injiniya: A rufe suke Hajiya, sai wanda ya kwance. Alhaji, littafin gyaran Tesla kyauta ne a shafinsu, kuma allon motar na da sashen masu gyara da ke nuna matsala. Ka samu yaron da ya saba da batirin Prius, motar Toyota mai haɗa fetur da lantarki, a Apo ta Abuja ba za a rasa ba, ku zauna ku karanta tare. Birki, taya, ƙafa, duk makanike mai hankali zai iya.

Bazazzagi: Ni tambayata ɗaya. In NEPA ta ɗauke, da janareta za a yi cajin? To ina amfanin baɗi ba rai?

Ɗan Ƙofar Ruwa: Kai Bazazzagi kullum sai ka kawo naka. Tun da aka cire tallafi a 2023 nawa kake cika tankinka?

Bazazzagi: Ko nawa ne minti biyar na gama. Shi fa?

Injiniya: Batirin kilowat-awa 100 ne, wato yunit 100 na mita. A gida da amfiya 32, wajen awa 14 daga ƙasa. Ko a naira 225 duk yunit da aka kai Band A, rukunin da aka ce sun fi samun wuta, a 2024, lissafa ka gani. Amma a gyara wayar at ta gidan, wato wadda ake binnewa a ƙasa, in ba ta da kyau cajar ba za ta yarda ta fara ba. Kuma kullum a tsaya a kashi 80.

Bazazzagi: Band A a takarda.

Abu Ammar: Ku bar gardamar nan. Alhaji ka yo odar ƙaramin batir, matatar iskar ciki saboda ƙurar hunturu, da balan-balan ɗin ƙafa, wato jakunkunan iskar da ke ɗauke da nauyin motar, ko da na gaba ne. Motar ta haura tan biyu, ramukanmu ba sa raga mata. Taya ma biyu a ajiye, ba ta zuwa da safaya.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Taya ku bar min, a turo lamba kawai.

Injiniya: Na manta ban tambaya ba. Takardunta masu tsabta ne, ko ta gwanjon haɗari ce aka gyara? In ta gwanjo ce a fara ɗaga ta a duba ƙasan batir kafin komai.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai. Dillalin ya ce ɗan bugu ne a baya. Bari in kira shi bayan la'asar.

Abu Ammar: Ka ce ya turo hotunan ranar gwanjon, ba na bayan fenti ba.