Wai garin Tombstone na finafinan kaboyi akwai shi da gaske?

Baban Ummi:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suke Amurka ko suka san tarihinta. Jiya da daddare yarona ya miƙo min waya wai Baba kalli nan, sai na ga bidiyon wani gari, titin ƙasa, keken doki, mutane da manyan huluna suna harbe-harbe jama'a na tafi, wai sunan garin Tombstone a jihar Arizona. Ni dai tun zamanin da muke satar jiki mu tafi silima kallon kaboyi nake jin sunan nan, kuma wallahi duk ɗaukata masu fim ne suka ƙirƙiro shi. Yaron ya ce a'a har yanzu da mutane a ciki, wai azurfa aka haƙa a wurin. To in azurfa ce ta tara su, ya aka yi da ta ƙare garin bai watse ba? Kuma gine-ginen nan na asali ne ko na kwali? Mun yi musu har sai da uwarsa ta raba mu, ina so in san wa ya ci.

Direban Tirela:
Wa'alaikumus salam Baban Ummi. Sai haƙuri, yaro ya kayar da kai, ni da ƙafata na taka garin sau biyu. Tirela nake ja a nan kuma hanyata takan bi ta Tucson, daga can in ka yi gabas zuwa Benson sai ka karya kudu, kamar kilomita 110 ne duka-duka, iyakar Meziko ma ba nisa. Mutum wajen 1,300 ne a ciki a ƙidayar 2020, da makarantarsu da gidan wayarsu da magajin garinsu.

Abin da ka gani a bidiyo titin Allen ne, an hana mota shiga wani ɓangarensa, gefe da gefe dandamalin katako ne mai rumfa, kana tafiya kana jin ƙwas ƙwas. Harbin kuma wasa ne, ma'aikata ne, harsashin ba shi da kai. Na yanki tikiti na zauna a benci, aka yi ta ɗirka bindiga hayaƙi ya turnuƙe, can sai wanda aka kashe ya miƙe ya karkaɗe ƙurar wandonsa ya zo ana ɗaukar hoto da shi, ni dariya ma ta hana ni jin bayanin da suke yi.

Amma faɗan da suke kwaikwayo an yi shi da gaske, ran 26 ga Oktoba 1881. 'Yan uwa uku, Virgil da Wyatt da Morgan Earp, da abokinsu Doc Holliday a ɓangaren hukuma, ɗaya ɓangaren kuma 'yan gidan Clanton da McLaury. Mutum uku suka mutu, Billy Clanton da Tom da Frank McLaury. Ka san tsawon faɗan? Daƙiƙa 30 kacal. Kuma ba a cikin garken dawakin O.K. ɗin da ake ta faɗa aka yi shi ba, a wani ɗan fili ne ta wajen titin Fremont kusa da shagon wani mai hoto, Fly.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ba bindiga ba ce, wata bishiyar fure ce a tsakar wani gida da aka dasa a 1885, daga Sikotland aka aiko wa wata amarya reshenta, yanzu ta rufe tsakar gidan gaba ɗaya an yi mata rumfa da ginshiƙai, gindinta ya murɗe kamar na tsohuwar tsamiya. A tsakiyar ƙaya da duwatsu fa.

Tsohon Injiniya:
Malam Baban Ummi, bari in gyara maka abu ɗaya a tambayarka, azurfar ba ƙarewa ta yi ba. Ruwa ne ya kore su, ita tana nan a ƙasa har gobe.

Asalin labarin wani mai neman ma'adinai ne Ed Schieffelin, a 1877 yana fita daga sansanin soja na Huachuca shi kaɗai yana duba duwatsu a ƙasar ƙabilar Apache, lokacin ana cikin yaƙi da su. Ana cewa sojoji suka riƙa tsokanarsa wai dutsen da zai samu a dajin nan sai dai na kan kabarinsa. Da ya dace da azurfa sai ya raɗa wa wurin sunan, don Tombstone ma'anarsa kenan, dutsen da suke kafawa a kan kabari. Ya jawo ɗan uwansa Al da wani masanin gwajin dutse Richard Gird, a 1879 aka yanka filayen gari, kafin ka ce kwabo daji ya zama birni, masu ƙiyasi na cewa daga mutum 10,000 zuwa 14,000 a ganiyarsa. Har da 'yan Cana da unguwarsu, da Mezikawa, da mahaƙa daga Cornwall ta Ingila waɗanda su ne gwanayen rami mai zurfi. Jarida ma suka buɗe a 1880, John Clum ya sa mata suna Epitaph, wato rubutun kan dutsen kabari, kun ga mutanen akwai barkwanci.

Abin mamakin shi ne da farko rashin ruwa ne matsalarsu. Injin daka dutse yana son ruwa, garin kuma a kan busasshen tudu yake, dole aka kafa injinan a bakin kogin San Pedro, a Charleston da Contention, ana lodin dutse a amalanke alfadarai na ja. Ruwan sha ma saye ake yi a ganga har sai da aka jawo bututu daga duwatsun Huachuca. Sai a 1881 masu haƙa suka kai zurfin ƙafa 520 suka ci karo da ruwa. Da farko murna aka yi. Daga baya aka gane ba rijiya aka samu ba, teku ce a ƙarƙashin ƙasa, dutsen wurin farar ƙasa ce mai ramuka ramuka, duk ramukan haƙar a haɗe suke ta ƙasa, in kai ka kunna famfo kana kwashe ruwan ramin maƙwabcinka ne kyauta shi yana zaune yana kallonka. Wanda ya taɓa aikin kuza a Filato ya san abin da nake nufi, ran da inji ya tsaya kwana biyu ka dawo ka tarar da kududdufi.

Aka kawo manyan famfuna irin na Cornwall masu aiki da tururi, suka ci kuɗi ba kaɗan ba. A watan Mayun 1886 gobara ta cinye injin mahaƙar Grand Central, na mahaƙar Contention shi kaɗai ya kasa, ruwa ya dawo ya cika ramuka. A daidai lokacin farashin azurfa na ta zubewa, 1893 kuma gwamnatin Amurka ta daina sayen azurfa kamar yadda doka ta tilasta mata a da, sai farashin ya ƙarasa faɗuwa. An sake gwadawa a 1901, aka haɗe mahaƙun a ƙarƙashin kamfani ɗaya, har jirgin ƙasa ya iso garin a 1903, a 1909 famfunan suka sake tsayawa ruwa ya shanye su. Tun kafin wannan gwajin ma, ƙidayar 1900 mutum 646 ta samu.

Abin da ya hana shi mutuwa kuwa kotu ce. Tun 1881 shi ne hedikwatar gundumar Cochise, to ko ba azurfa akwai alƙali da lauyoyi da magatakarda da gidan yari, masu albashi kenan, su kuma sai sun ci abinci. A 1929 aka yi zaɓe aka mayar da hedikwatar Bisbee mai arzikin tagulla, a shekarar ne kuma mutanen garin suka fara bikin Helldorado na cika shekara 50, suka gano cewa labarin harbe-harbe ma haja ce. Daga nan suka canza sana'a.

Shi kuwa Schieffelin tun 1880 ya sayar da rabonsa ya kama gabansa, ya je har Alaska neman zinare, ya mutu a Oregon a 1897. Wasiyyarsa a binne shi kusa da Tombstone cikin kayan aikinsa da digarsa da gorar ruwansa, a tara masa duwatsu irin alamar da masu haƙa ke yi. Haka aka yi. Ashe dai sojojin ba su yi ƙarya ba.

Maman Haidar:
Baba Injiniya Allah Ya ƙara lafiya, ka gama da ɓangaren rami. Ni zanen gine-gine na karanta, bari in taɓa tambaya ta biyu, na asali ne ko na kwali. Amsar ita ce gauraye ne, kuma nan rigimar take.

Da farko gobara biyu ta ci garin, Yunin 1881 da Mayun 1882, ta biyun har garken O.K. ɗin ta lashe. Kenan ko ginin da ake kira tsoho, da yawa bayan faɗan aka yi su. Waɗanda ba a musu a kansu akwai kotun 1882 ta jan bulo, tun 1959 tana hannun jiha an mai da ita gidan tarihi, akwai gidan wasa na Bird Cage na 1881 da ya daɗe a kulle shi ya sa kayan cikinsa suka tsira, sai zauren Schieffelin shi ma 1881, ginin laka ne zalla da tubalin ƙasa, ƙato, har yau ana taro a ciki. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni don mun san halin laka, in dai ka kula da indararo da gindin bango kana yaɓe zai binne jikokinka, in kuwa ka shafe shi da siminti don a ce ka waye sai damshi ya rasa hanyar fita ya riƙa cin bangon ta ciki, waje sumul ciki gari.

A 1961 gwamnatin tarayya ta sa tsakiyar garin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Amma a 2004 hukumar da ke kula da su ta ce matsayin nan yana cikin haɗari, dalili kuwa masu shaguna ne. Mutum zai yi sabon gini ya rubuta tsohuwar shekara a goshinsa, wani ya rufe bangon asali da katako don ya yi kama da na fim, har baƙo ya kasa bambance na jiya da na shekara ɗari. Ka ga fim ya kwaikwayi gari, gari kuma ya dawo yana kwaikwayon fim. Ko allunan maƙabartar Boothill ba na asali ba ne, na farkon katako ne sun ruɓe tuntuni, daga baya aka bi aka sake kafa wasu.

Kuma abin da ke ba ni haushi, garin da dubban mutane suka shekara suna shiga rami da kyandir, yau in ka tambayi baƙo me ya sani sai ya ce maka daƙiƙa 30.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Hajiya ni fa ban ga laifinsu ba. Tarihi zalla ba ya biyan kuɗin wuta. Baƙo ya tuƙo mota daga nesa da yaransa hula da bindiga yake so ya gani, in ba ka ba shi ba gobe ba zai dawo ba, rufin ma da me za a gyara?

Maman Haidar:
Alhaji ban ce kar su ci abinci ba. Su yi wasansu, su sayar da hulunansu, amma kar a rubuta shekarar ƙarya a jikin gini. Ka sayar da atamfar roba a matsayin roba ba wanda zai ce maka komai, ran da ka buga mata hatimin Holan ne ka shiga uku.

Direban Tirela:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma ni na je Charleston ɗin da Baba Injiniya ya ambata, a ƙafa ake ƙarasawa ta bakin kogi. Ba tikiti ba mai wasa ba kowa, guntayen bangon laka ne iya gwiwa wasu iya ƙirji a cikin ƙaya. Girgizar ƙasa ta 1887 ta fara rusa shi, a yaƙin duniya na biyu sojojin Huachuca suka yi atisaye a kangon da harsashi na gaske, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Na tsaya ina ta neman inda titi yake na kasa ganewa. A Tombstone kuma akwai ramin Good Enough da ake sa wa mutane hular kwano a shiga da su, ranar da na je layin kallon harbi ya kai bakin titi, mu da muka shiga ramin ba mu cika mota ɗaya ba.

Baban Ummi:
Kai jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri, Baba Injiniya Allah Ya ja kwana. Na karanta wa yaron duka, yanzu ya ƙi bari in huta wai sai na biya shi katin data da muka yi alkawari. Na ce masa rabi zan biya tunda Hajiya ta ce wasu gine-ginen na bogi ne, uwarsa ta ce in ji kunya. Malam Direba in ka sake bi ta can dan Allah ka ɗauko mana hoton zauren lakan nan ta gindin bango, ina so in ga irin yaɓensu.